Ƙona Wani Wuri a Cikin Zuciya: Shin Sai An Buɗe Ƙirji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina mai shekara 63 yana fama da rikicewar bugun zuciya, wani lokaci ƙirjinsa ya riƙa dakan uku-uku har numfashinsa ya yi sama. Magunguna sun kasa shawo kan abin, yanzu likita ya ba da shawarar a ƙona wani wuri a cikin zuciyar. Shin sai an buɗe ƙirji? Kuma zai rabu da maganin tsinka jini bayan aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ba a buɗe ƙirji. Ana zura siririn bututu ne ta jijiyar jini da ke gindin cinya, a bi da shi har ɗakin zuciya na sama na dama, sannan a huda siririn bangon da ke tsakani a shiga na hagu.

A wannan ɗaki ne jijiyoyi huɗu masu dawo da jini daga huhu suke buɗewa. A shekarar 1998, Farfesa Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna cewa yawancin saƙonnin lantarkin da ke tayar da irin wannan rikicewar bugun, wadda likitoci ke kira atrial fibrillation, daga bakin waɗannan jijiyoyi suke fitowa. Saboda haka likita yakan kewaye bakin kowace da tabo, domin tabo ba ya barin lantarki ya ƙetare shi.

Ana iya yin tabon da zafi, ɗigo bayan ɗigo, ko da 'yar balan-balan mai tsananin sanyi wadda ke daskarar da wurin. Binciken FIRE AND ICE na 2016 ya nuna cewa hanyar sanyi ba ta gaza ta zafi ba. Akwai kuma sabuwar hanya ta gajerun bugun lantarki, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita a ƙarshen 2023, kuma ta fi rangwanta wa hanyar abinci da ke kwance bayan zuciya. A ganina, ƙwarewar hannun likitan ta fi zaɓin na'ura muhimmanci.

Aikin ya fi yin nasara ga wanda ciwon ke zo masa yana tafiya, wasu kuwa sai an maimaita musu. Haɗari bai da yawa amma akwai shi: zubar jini a cinya, taruwar jini a kewayen zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki.

Batun maganin tsinka jini kuwa, kada Baba ya ajiye shi don ya ji sauƙi. Dole ya ci gaba da sha aƙalla wata biyu bayan aikin, daga nan likita ya duba shekarunsa da ko yana da hawan jini ko ciwon suga kafin ya yanke hukunci, domin rikicewar bugun tana iya dawowa a ɓoye, gudan jini ya taru ba tare da mutum ya ji komai ba.