Kunne ake koya wa Turancin fim, ba ido ba

Tambaya: Malam, na gama sakandare kuma ina jin Turanci, amma in na kunna fim ɗin Amurka sai in ji kamar wani yare daban. Akwai manhajar da za ta gyara min? Daga Nima, Accra.

Amsa: Ɗan'uwa, babu manhajar da za ta saurara a madadinka. Kuma na san yadda kuke kallon nan, kana cikin motar haya ta trotro daga Circle, mate, wato yaron mota, yana ta ihun kiran fasinja, kai kuma ka kunna sifikar waya, idonka na kan rubutun ƙasan fim, sannan ka ce Bature na haɗiye magana. Ai karatu kake yi, kunnen bai yi aikin komai ba. Fina-finan nan yawanci an haɗa sautinsu ne don sifika da yawa, abin da ake kira 5.1, maganar 'yan wasa tana da layinta na tsakiya, to in waya ta cusa duka cikin 'yar ƙaramar sifika ɗaya sai kiɗa da harbe-harbe su danne muryar. Sayi iyafis tukuna, ko mai araha ne.

Sannan ka bar fim na awa 2, ɗauki wuri ɗaya na minti 3. Kalle shi ba rubutu, ka sake kallo da rubutun Turanci ka ga inda kunnenka ya zame, ka kashe rubutun ka sake, kana maimaita maganar da bakinka ko da mutanen gida za su ce ka zautu. A YouTube danna gefen hagu sau biyu yana mayar da kai baya sakan 10, in sun cika sauri ka sa gudun a 0.75. Kar ka kai 0.5, muryar takan zama ta mai maye. Kuma kar ka yarda da rubutun da YouTube ke yi da kansa ɗari bisa ɗari, yana zuba kuskure, musamman in mutum biyu na magana lokaci guda. Ni dai na fi son a fara da fina-finan zaman gida inda ake hira, masu faɗa ba abin da za su koya maka sai ihu.

Tambaya: Rubutun yana riga maganar fitowa a laftof ɗina. Daga wata 'yar'uwa, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, buɗe fim ɗin da manhajar kallon bidiyo ta VLC, maɓallan G da H ne ke matsar da rubutun baya ko gaba.

Tambaya: Na sauke fayil ɗin rubutun amma ya ƙi fitowa. Daga Asawase.

Amsa: Sa masa suna iri ɗaya da na fim ɗin, ka bar .srt ɗinsa a ƙarshe, su zauna folda ɗaya. In ya fito kuma ka karanta amsar mutumin Nima kafin ka manne masa ido.