Mene ne Haɗin Rafi da Kallon Bidiyo a Waya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan ganin kalmar streaming a YouTube da Facebook, sai yayana ya ce mini asalinta rafi take nufi da Turanci. Idan haka ne, me ya haɗa rafi da kallon bidiyo? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Yayanki ya faɗi daidai, domin tushen kalmar shi ne stream, wadda take cikin Turanci tun fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma ma'anarta ta farko ita ce ruwa mai gudu, ko ƙorama ce ko rafi, har ma da igiyar ruwan da ke tafiya a tsakiyar teku, kamar Gulf Stream da ke ɗauko ruwan ɗumi daga gaɓar Amurka zuwa ɓangaren Turai. Masana harshe sun bi sawunta zuwa wani daɗaɗɗen tushe, sreu, mai nufin gudana, wanda harsuna da yawa na Turai da Indiya suka gada. A Jamusanci ta zama Strom, kuma da ita Bajamushe yake kiran babban kogi, da ita kuma yake kiran wutar lantarki. Ta ɓangaren Girkanci tushen ya haifi sunayen cututtuka, irin su rheumatism, wato sanyin ƙashi, saboda likitocin dā sun ɗauka wani ruwa ne ke kwarara cikin gaɓoɓi, da kuma diarrhoea, wadda mu ma, abin sha'awa, gudawa muke ce mata.

Injiniyoyin kwamfuta sun aro kalmar ne domin su siffanta bayanan da ke isowa bi da bi, ana sarrafa na farko alhali na baya suna kan hanya, kuma masu aiki da Unix, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, sun saba da wannan ma'ana tun kafin intanet ta shiga gidaje. Ga jama'a kuwa, abin ya bayyana ne a 1995, lokacin da wani kamfani na birnin Siyatil a Amurka ya fito da RealAudio, manhajar da ta ba mutum damar sauraron sauti tun bai gama saukowa ba. Daga baya YouTube ya zo a 2005, Netflix ya fara haska finafinai ta intanet a 2007, Spotify kuma, na sauraron waƙoƙi, ya fara aiki daga Suwidin a 2008.

A ganina sun dace da suna. Wanda ya sauke bidiyo kamar wanda ya ɗebo ruwa ya cika randa ne, zai sha a duk lokacin da ya ga dama, shi kuwa mai kallo ta intanet a bakin rafi yake shan ruwansa da tafin hannu, idan ya tashi bai tafi da komai ba.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi. An ce mini idan na kalli bidiyo ban sauke shi ba, datar da zan kashe ba ta kai ta saukewa ba. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, wannan zance ya yaɗu, amma ba haka abin yake ba. Duk hoton da ka gani a fuskar waya sai da ya sauko cikinta, bambancin kawai shi ne wayar ba ta ajiye maka shi a matsayin fayil. Manhajar tana karɓar bidiyon gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta daƙiƙu kaɗan, ta tara wasu a ƙaramar ma'ajiya ta wucin gadi, ta nuna maka, sannan ta zubar. Wannan layi mai ruwan toka da kake gani yana gaba da jan layi a ƙasan bidiyon YouTube, shi ne abin da aka riga aka tara, kuma idan jan ya cim masa, a nan ne ƙaramar da'irar nan take fara juyawa a tsakiyar allo. Saboda haka bidiyo ɗaya mai inganci ɗaya kusan data ɗaya yake ci ta kowace hanya, sai dai idan ka sake kallonsa gobe ta intanet za ka sake biya, wanda ya sauke kuwa sau ɗaya ya biya. Inda kallo ta intanet ya fi sauƙi shi ne idan minti biyu kawai za ka leƙa daga bidiyon awa guda.

Abin da ya fi cinye data shi ne ingancin hoto, wanda manhaja take ɗagawa da kanta muddin ta ga intanet ɗin yana da ƙarfi. Netflix ya bayyana cewa kallon awa guda kan ci har gigabait 1 a matsakaicin inganci, har 3 a babban inganci, har 7 a mafi girma. A kan ƙaramin allon waya ingancin 360p ko 480p ya wadatar ga karatu da labarai, don haka ka shiga saitin bidiyon ka zaɓa da hannunka, ka kuma kashe tsarin da ke kunna bidiyo na gaba ba tare da ka taɓa ba. Karatun da ka san za ka maimaita, ka sauke shi lokacin da ka samu wayi-fayi ko datar dare.

Tambaya: Me ya sa maƙwabta masu kallon ƙwallo a talabijin suke ihun an ci, ni kuwa a waya sai bayan wani lokaci nake gani, alhali an rubuta kai tsaye?

Amsa: Dole ne a fara naɗar hoton, a matse shi, a yanka shi gunduwa-gunduwa, a aiko, wayarka kuma ta tara kaɗan kafin ta fara nunawa, kuma kowane mataki yana cin daƙiƙu. Jinkirin rabin minti ba abin mamaki ba ne, kuma ba ya nuna cewa wayarka ta lalace.