Tambaya da amsa: Da gaske Joel Edgerton ne ke rubuta finafinansa, ko suna kawai yake mannawa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli fim ɗin The Gift a waya, da aka zo jera sunaye sai na ga mutum ɗaya, Joel Edgerton, a gurbin marubuci, a gurbin darakta, a cikin furodusoshi, kuma shi ne ya fito a matsayin Gordo. Abokina ya ce ai duk jarumin da ya yi kuɗi haka yake yi, ya sa yara su yi aikin, shi ya ɗora sunansa. Wai haka ne? Na kuma ji an ce ba ma Ba'amurke ba ne. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abokinka bai faɗi ƙasa warwas ba, amma a kan wannan mutumin ya yi kuskure. Bari in fara da mai sauƙin: Edgerton ɗan Ostareliya ne, an haife shi ranar 23 ga Yuni, 1974, a Blacktown da ke yammacin birnin Sidni. Harshen Amurkawan da ka ji a bakinsa koyo ne, kamar yadda Nicole Kidman da Cate Blanchett da Hugh Jackman suka koya don su ci abinci a Hollywood.

Inda abokinka ya yi gaskiya shi ne muƙamin furodusa. Wannan kam ana rabar da shi kamar goro a wajen suna. Babban jarumi na iya neman a sa masa shi cikin yarjejeniya ko da bai taɓa zama a ofishin shirya fim ɗin ba. Sunan marubuci kuwa yana da mai gadi. A finafinan kamfanonin da suka sa hannu a yarjejeniyar ƙungiyar marubutan fim ta Amurka, ƙungiyar ce ke yanke wanda za a kira marubuci. Idan darakta ko furodusa ya nemi a haɗa sunansa da na wasu marubuta, sai an kwashe duk kwafin rubutun an miƙa wa wasu marubuta uku, ba tare da an gaya musu mai kowane kwafi ba, su auna gudummawar kowa. Shi kuma darakta ai ba ya ɓuya: mutum sama da hamsin ke tsaye a lokeshin suna jiran ya ce ga inda za a aje kyamara. A kan The Gift ɗin ma ƙungiyar daraktocin Amurka ta sa Edgerton cikin 'yan takarar kyautar wanda ya fi iya ba da umarni a fim ɗinsa na farko.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wajena tana can baya, kafin ya yi kuɗin da zai ɗauki wani yaro aiki. Edgerton ya karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Yammacin Sidni, ya fito kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, ya tarar da abin da kowane jarumi a ƙasar ke tararwa. Ostareliya ƙasa ce mai faɗi amma mutanenta ba su kai miliyan 30 ba, kuma Turanci suke ji, don haka duk fim ɗin da aka yi a Amurka yana shiga sinimominsu ba tare da fassara ba. A yawancin shekaru, finafinan gida ba sa samun ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin tikitin da ake sayarwa a ƙasar. Aiki kaɗan, masu nema da yawa. Wanda ya zauna jiran kira sai gemu ya yi furfura.

Shi da yayansa Nash, wanda sana'arsa ita ce shigar wa jarumai wuraren haɗari kamar faɗowa daga bene da kifar da mota, sai suka haɗa kai da abokansu suka kafa wata ƙungiya mai suna Blue-Tongue Films, sunan wani ƙadangare mai shuɗin harshe da ake samu a ƙasarsu. Ba kamfani ba ne irin mai hawa bakwai. Samari ne masu yin gajerun finafinai da kuɗin aljihu, yau kai ka riƙe kyamara ni in fito, gobe ni in rubuta kai ka tace. Cikinsu akwai Kieran Darcy-Smith, daga baya David Michôd ya shigo. A wannan makarantar Edgerton ya koyi rubutu, kuma ya ba da umarnin gajerun finafinai irin su The List a 2008 kafin ya taɓa dogo.

Ta ɓangaren fitowa kuwa, abin ya zo masa daki-daki. Shirin talabijin The Secret Life of Us ya sa aka san fuskarsa a gida a 2001. Sai George Lucas ya kawo aikin Star Wars Sidni, aka ɗauke shi a ƙaramin matsayi na Owen Lars a fim ɗin 2002. A 2009 ya hau dandamali tare da Cate Blanchett a wasan A Streetcar Named Desire. Ƙofar ta buɗe sosai ne a 2010 da Animal Kingdom na abokinsa Michôd, labarin wani gida na 'yan fashi a Melbon, wanda ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Sundance a Amurka. Abin dariya, ba a yi nisa da fara fim ɗin ba aka harbe Edgerton, amma ɗan zaman da ya yi ya isa. Warrior ya biyo baya a 2011, Zero Dark Thirty a 2012, The Great Gatsby a 2013. Wasu za su tuna shi da kai a aske a matsayin Fir'auna Ramses a Exodus: Gods and Kings na 2014, fim ɗin da Masar ta hana nunawa, aka kuma soke shi kan ba Turawa matsayin mutanen Masar. Ni ban ƙirga shi cikin ayyukansa na kirki ba. Wanda na ƙirga shi ne Loving na 2016, inda ya fito a matsayin Richard Loving, birkilan da aka hukunta a jihar Virginia saboda ya auri mace baƙar fata, har Kotun Ƙolin Amurka ta rushe irin waɗannan dokoki a 1967. Da kyar yake buɗe baki a fim ɗin, amma ya shiga takarar kyautar finafinai ta Golden Globe.

To, yanzu ga abin da nake so ka lura da shi, domin shi ke nuna hannu ɗaya ne ke rubutun. Ka jera labaransa ka gani. The Square na 2008, wanda ya rubuta tare da Matthew Dabner, Nash ya ba da umarni: magidanci mai aikin gine-gine yana neman matar wani, ya yarda a saci jakar kuɗi a rufe da gobara, daga nan kowace ƙarya sai ta haifi wata. Felony na 2013, wanda ya rubuta shi kaɗai ya bar wa Matthew Saville umarni: ɗan sandan ciki da ake yabo ya sha giya ya tuƙa mota, ya buge yaro mai keke, ya kira motar asibiti amma ya ce tarar da yaron ya yi a kwance, babbansa kuma ya rufa masa asiri. Sai The Gift na 2015, da ka kalla: Simon, mai mata da gida da muƙami, ashe shi ne ya ƙaga wa Gordo sharri tun suna makaranta, sharrin da ya lalata rayuwar yaron. Duka ukun magana ɗaya suke yi: mutumin da jama'a ke ganin girmansa yana zaune a kan laifin da ya binne, kuma rana ba ta ƙarya. Marubucin haya ba ya dawowa kan miki ɗaya har sau uku cikin shekara bakwai.

Wani abin kuma, jarumin da ke rubuta fim don ya haska kansa ai shi zai ɗauki matsayin gwarzo. Edgerton a The Gift ya bar wa Jason Bateman da Rebecca Hall manyan matsayai, ya ɗauki na mutumin da kowa ke ƙyama, mai ɗan kunne da gemu marar fasali, mai aje kyauta a bakin ƙofa ba a gayyace shi ba. Akwai dabara a ciki: wanda ke ba da umarni ba zai iya kasancewa gaban kyamara kullum ba, don haka ya tattara fitowarsa cikin 'yan kwanaki, Nash na taya shi sa ido. An kashe kimanin dala miliyan 5 a fim ɗin, ya kawo kusan miliyan 59. Riba irin wannan ita ke sa kamfanoni su sake buɗe maka ƙofa.

Dogon fim ɗinsa na biyu a matsayin darakta, Boy Erased na 2018, daga littafin tarihin rayuwar Garrard Conley ya ɗauko shi, labarin ɗan wani fasto a jihar Arkansas da iyayensa suka kai wata cibiyar coci don a raba shi da sha'awar jinsinsa. Russell Crowe da Nicole Kidman ne iyayen, shi kuma ya sake ba kansa matsayin da ba a so, shugaban cibiyar. Bai yi kasuwar The Gift ba, kuma a ganina ya fi shi sanyin jiki. Edgerton ya fi ƙarfi idan labarin daga kansa ya fito kuma akwai fargaba a ciki. A 2019 shi da Michôd suka rubuta The King na Netflix daga wasannin Shakespeare kan Sarki Henry na Biyar, Michôd ya ba da umarni, Edgerton kuma ya fito a matsayin Falstaff, abokin sarkin.

Tunda daga Najeriya kake, ga ɗan ƙari: a Gringo na 2018, wanda Nash ya ba da umarni, David Oyelowo ya fito a matsayin ɗan Najeriya mai aiki a Amurka, Edgerton kuma shi ne maigidan da ya ci amanarsa. Mugu dai, kamar yadda ya saba.

Ka nemi Felony ku kalla kai da abokin naka, ka sa ido a sin ɗin da Tom Wilkinson, babban ɗan sandan, ke lallashin Edgerton ya ci gaba da yin shiru. Daga nan ku koma The Gift ku saurari yadda Simon ke kare kansa gaban matarsa.