Yadda Susan Lucci ta shekara 41 tana taka rawar mace ɗaya

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin tambaya ko da gaske ne akwai jarumar Amurka da ta haura shekara arba'in a shiri ɗaya, kuma ta yaya mutum zai jure haka ba tare da shi ko masu kallo sun gundura ba. Da gaske ne. Sunanta Susan Lucci, an haife ta ranar 23 ga Disamba 1946 a jihar New York. Ta fito a matsayin Erica Kane a shirin All My Children na tashar ABC tun makonnin farko da aka fara shi a Janairun 1970, har aka rufe shi ranar 23 ga Satumba 2011. Tana da shekara 23 ta fara fitowa a shirin, bayan ta gama karatun wasan kwaikwayo a kwalejin Marymount a 1968, aka ba ta rawar 'yar sakandare mai fitina da taurin kai.

Kafin ki fahimci darajar abin da ta yi, sai kin san yadda ake irin wannan aiki. Ba kamar shirye-shiryenmu masu dogon zango ba ne da ake sakin kashi ɗaya a mako. Wannan kullum ne, Litinin zuwa Juma'a, da rana, kusan kashi 260 a shekara, babu hutun zango. Da farko minti talatin ne, a 1977 aka mayar da shi awa guda. Ke nan duk ranar aiki sai an ɗauki cikakken kashi ɗaya, abin da masu fim ɗin silima kan kwashe makonni a kansa. Da safe darakta zai bi da 'yan wasa fitowa bayan fitowa, ya nuna wa kowa inda zai tsaya da inda zai juya. Daga nan a gwada da kyamarori, uku ko huɗu suna ɗauka lokaci guda, a yi kwalliya da sa kaya, sai ɗauka. Yawanci sau ɗaya ko biyu ake ɗaukar fitowa a wuce. Idan babbar jaruma ce kuma labarin ranar a kanta yake, tana iya komawa gida da shafuka ashirin ko talatin da za ta haddace kafin gari ya waye.

A nan ne sababbi suke faɗuwa. Wanda ya haddace kalmomi tsurarsu, da zarar an canza masa layi ɗaya da safe, wanda kuwa ana yawan yi, sai komai ya rushe masa. Tsofaffin hannu abin da suke fara riƙewa shi ne me nake nema daga wannan mutumin a wannan fitowar, sannan kalmomin su biyo baya. Matsala ta biyu ita ce wurin tsayawa: ki matsa taku ɗaya daga alamar da aka manna miki a ƙasa, kin tare wa abokin wasanki haske ko kin fita daga kyamara, an ɓata lokacin mutum hamsin. Ga kuma kwantiragi. Ko da an rubuta shekara uku, galibi kamfani yana da damar sallamar ɗan wasa a ƙarshen kowane mako goma sha uku. Kuma a wannan harka ba a jin nauyin ɗauko wata fuska a ba ta sunanki, gobe mai sanarwa ya ce daga yau wance ce za ta riƙa fitowa a matsayin wance. Shekara 41 ba a taɓa yi wa Erica haka ba.

Dalilin da ya sa ba a gaji da ita ba, a ganina, rabinsa na marubuciyar ne, Agnes Nixon. Ba ta bar Erica a matsayin muguwa kawai ba. Ta ba ta tabo: uba mai shirya fim da ya gudu ya bar ta tana yarinya, da uwa mai haƙuri, Mona, wadda kullum suke sa-in-sa. Daga wannan tabo ne duk son kanta da yawan aure-aurenta suka fito, shi ya sa mai kallo zai tsine mata yau, gobe ya tausaya mata. Ɗaya rabin na Lucci ne. Ta iya haɗa barkwanci da zafin rai a numfashi ɗaya, kuma ta yarda Erica ta manyanta tare da ita: daga ɗaliba zuwa mai tallar kayan ado, zuwa 'yar kasuwa, zuwa uwa. A 1993 aka shigo da Kendall, 'yar da ta haifa tana ƙarama ta ɓoye, rawar da Sarah Michelle Gellar ta fara takawa. A 1994 Frances Heflin mai fitowa a Mona ta rasu, shirin ma ya yi wa Mona mutuwa, don haka kukan da aka gani a allo ba na wasa kaɗai ba ne. Bayan haka aka yi labarin kamuwar Erica da shan ƙwayar rage raɗaɗi. Duk 'yan shekaru sai a ɗora mata sabon nauyi.

Maganar kyautar Emmy ta shirye-shiryen rana kuwa, wato babbar lambar yabon talabijin a Amurka, ita ce ta sa har waɗanda ba sa kallon shirin suka san ta. An fara sa sunanta cikin 'yan takara a 1978. Sau 18 tana zuwa tana dawowa hannu rabbana, har abin ya zama abin zolaya a faɗin ƙasar. Sai a karo na 19, a 1999, ta ci, jama'ar zauren suka miƙe tsaye suna tafi na tsawon mintuna. Mutane da yawa suna ɗauka rashin iyawa ne ya hana ta. Ban yarda ba. Alƙalai ba aikin shekara guda suke dubawa ba, 'yan sassan shirin da ɗan takara ya zaɓa ya miƙa suke kallo, kuma hawaye sun fi saurin kama alƙali fiye da wasa mai raha da izza irin na Erica. A shekarar da ta ci, labarin da aka gani shi ne na uwa tana fama da 'yarta Bianca mai ciwon ƙin cin abinci.

Ta fannin kuɗi, tun farkon shekarun 1990 ake ba da rahoton tana karɓar sama da dala miliyan ɗaya a shekara, mafi tsoka a tsakanin 'yan wasan rana. Mijinta Helmut Huber, ɗan asalin Ostiriya, wanda ta aura a 1969, shi ya riƙa kula mata da harkokin kasuwanci har ya rasu a 2022. Erica ta yi ta aure tana fita, Lucci kuwa miji ɗaya ta zauna da shi shekara 52, suka haifi 'ya'ya biyu. A ƙarshen 1999 ta hau dandalin wasan kwaikwayo na Broadway a New York ta yi wasan waƙa, don kada a ce allon talabijin kaɗai ta iya.

Abin da ya kashe shirin ba ita ba ce. Matan da ke gida da rana sun ragu saboda fita aiki, tashoshin tauraron ɗan'adam sun yawaita, shari'ar O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka da aka zarga da kisan kai, wadda aka riƙa nunawa kai tsaye a 1995, ta katse shirye-shiryen rana na watanni, wasu masu kallo ba su ƙara dawowa ba. A 1970 irin waɗannan shirye-shirye 19 ne a Amurka, zuwa 2012 saura huɗu. ABC ta kwashe aikin daga New York zuwa Los Angeles wajen ƙarshen 2009 don rage kashe kuɗi, Lucci ta riƙa zirga-zirga tsakanin gaɓar gabas da ta yamma, duk da haka a Afrilun 2011 aka sanar da soke shi, aka maye gurbinsa da shirin girke-girke mai arha.

Ba ta zauna ba. Ta fito a shirin talabijin na Devious Maids daga 2013 zuwa 2016. A 2018 aka gano babbar jijiyar zuciyarta ta toshe da kashi 90 cikin ɗari, aka sa mata ƙananan bututu biyu don buɗe hanyar jini, tun daga nan take faɗakar da mata kada su raina ciwon ƙirji. A 2023 masu Emmy suka ba ta lambar girmamawa ta aikin rayuwa.

Idan kina son gani da idonki, nemi fitowarta da Mona ta shekarun 1970 a YouTube, sannan ki kalli nata da Bianca na 1998, ki lura da yadda take sauraron abokin wasanta kafin ta buɗe baki.