Shin radar wata mota tana iya rikita ta motata?

Tambaya: Motata tana da na'urar rada mai taka birki da kanta idan ta hango hatsari. Yanzu da irin waɗannan motoci suke ƙaruwa, ashe siginarsu ba za ta riƙa shiga ta juna ba? Me ake yi a kan haka?

Amsa: Tana shiga, Malam, kuma tushen matsalar yana cikin yadda rada take aiki. Yawancin radar mota a yau suna watsa sigina a zangon gigahaz 76 zuwa 81 (gigahaz ma'auni ne na saurin kaɗawar sigina), wanda hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe musu baki ɗaya a 2017. Na'urar takan fitar da sigina mai hawa daga ƙasa zuwa sama a wani ɓangare na zangon, ta maimaita hakan ba ƙaƙƙautawa, sannan ta saurari amsa-kuwwar da ta dawo don ta lissafa nisan abin da ke gaba da saurinsa.

Ita amsa-kuwwar nan tafiya biyu take yi, zuwa da dawowa, saboda haka idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfinta yakan ragu sau 16. Siginar motar da ke tahowa daga gaba kuwa tafiya ɗaya kawai take yi, sau 4 ne raguwarta. Don haka baƙuwar sigina daga nesa tana iya danne amsa-kuwwar mutumin da ke tsallaka titi kusa da kai. Abin da ya fi faruwa shi ne hayaniya ta yi yawa har ƙananan abubuwa su ɓace wa na'urar. Ganin motar da babu ita yana aukuwa, amma ba kasafai ba, domin sai siginonin biyu sun yi kama sosai a tsari da lokaci.

Maganin farko shi ne kauce wa haɗuwar tun asali. Injiniyoyi sukan sa na'urar ta riƙa sauya lokacin fara watsawa ba bisa tsari ba, ko ta koma wani ɓangaren zangon da zarar ta ji cunkoso. Akwai kuma dabarar da nake ganin ta fi kowacce sauƙi: a karkatar da yadda siginar eriya take kaɗawa da digiri 45, ta yadda ta motar da ke fuskantarka za ta iso a gicciye, eriyarka ta ɗauki kaɗan daga cikinta. Sai dai wannan ba ya amfani sai masu ƙera motoci sun karkatar ta gefe guda.

Idan katsalandan ya riga ya shiga, manhajar na'urar takan gane shi da tashin ƙarfi na ɗan lokaci, ta goge wannan guntun, ta cike gurbin da kintace daga bayanan da ke gefensa. Gogewar kaɗai ba tare da cikewa ba tana barin tabo a lissafi. Radar da ke da eriya da yawa ma tana iya toshe kunnenta daga kusurwar da baƙuwar siginar ke fitowa.

Aikin bincike na MOSARIM, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa daga 2010 zuwa 2012, ya gwada irin waɗannan dabaru. A nawa ganin, gyaran da kowace mota ke yi ita kaɗai zai gaza a cunkoso, sai kamfanoni sun amince da ƙa'idar raba lokaci da zango. Kafin nan, motoci da yawa suna gwama bayanan rada da na kyamara kafin su taka birki.