Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Legas kula da karnuka

Ƙanena, saƙonka ya iso ni. Ka ce an samo maka aikin gadi a wani gida a Lekki, da sharaɗin za ka kula da karnuka biyu, kuma maigidan ya ce ana haɗa musu ɗanyen nama da busasshen abincin nan na buhu. Kana tambaya ko haɗin yana da illa. Na ji daɗi da ka tambaya tun kana Damagaram, domin ni sai da na kusa kashe karen mutane sannan na koya.

Ka fara cire karen gida daga ranka, wanda ake zuba wa guntun tuwo ya tafi ya nemi sauran a bola. Na nan irin su Boerboel ne da Rottweiler, wani ya kai kilo 50, kuma kuɗin abincinsa na wata yakan fi albashin mai gadinsa. Abin da ciwo, amma haka za ka tarar.

Haɗin ba laifi ba ne. Za ka ji wasu suna cewa ɗanyen nama da na buhu ba sa narkewa tare a ciki, wai dole a raba safe da yamma. Shekara takwas ina zuba su a kwano ɗaya, ban ga komai ba, kuma likitan dabbobin da ke zuwa gidanmu bai taɓa hana ni ba. Idan cikin karen bai so, sai ka raba. Inda matsala take shi ne awo da tsabta.

Abincin buhu mai kyau an riga an daidaita shi da duk abin da jikin kare ke bukata. Tsokar nama zalla kuwa ba ta da isasshen sinadarin da ke gina ƙashi. Saboda haka na buhu ne tushe, nama ƙari. Babban kare mai kilo 40, da a ce ɗanye kawai yake ci, zai bukaci wajen kilo ɗaya a rana. In kana son kashi ɗaya cikin huɗu ya zama ɗanye, sai ka rage kwata daga abin da aka rubuta a jikin buhu, ka maye shi da nama giram 250. Kada ka zuba duka biyun cif-cif, teɓa zai yi, ya kasa ko zagaya gida. Ka roƙi maigida ƙaramin sikeli tun ranar farko. Hanta kuma kaɗan, ɗan yanki, don yawanta na sa zawo. Ɗan kwikwiyo mai tasowa kam kada ka yi masa gwaji ko kaɗan sai likita ya tsara maka, domin ƙafafunsa na iya karkacewa, kuma wani lokaci ba ya gyaruwa.

Kada ka sauya abinci dare ɗaya. Ka ɗauki kwana 7 zuwa 10 kana ƙarawa a hankali, kullum da safe kana duba kashinsu in za ka kwashe. Shi zai gaya maka gaskiya.

Ga abin da ya faru da ni. Wata damina aka ɗauke wuta kwana biyu, janareto ya lalace, naman firji ya saki. Na shinshina, na ji ɗan tsami, na ce ai kare ne. Da dare karyar gidan ta fara amai, da asuba zawo har da jini, ta kwanta a gindin tankin ruwa ko kai ba ta ɗagawa. Sai da aka yi mata ƙarin ruwa kwana uku. Ina zaune gefenta ina riƙe da ƙafar da aka sa allurar, ina jin kamar ni na yanke ta. Zafin Legas da laimarta ba irin na gida ba ne, inda ake shanya kilishi ya bushe a wuni. Nan nama minti 30 a kwano ya isa, abin da ya rage ka zubar. Shi ma na buhu yana yin fumfuna in ya sha laima, don haka ka ɗora shi kan katako, ka rufe bakinsa sosai.

In an aike ka mayankar Oko-Oba a Agege, 'yan uwanmu mahauta za su yi maka kirki, su cika maka leda da huhu da tarkacen kayan ciki a kyauta. Ka gode musu, amma ka duba. Huhu ko hantar da ka ga ƙululun ruwa a jiki, kada ka bayar ɗanye. Daga nan kare ke ɗaukar tsutsar ciki, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya koma jikin mutum. Ni kayan ciki dafawa nake yi. Ƙashin da aka dafa kuwa ban yarda ba sam, tsagewa yake ya huda hanji. Kuma ragowar miyarka ko tsire kada su shiga kwanonsu, albasa da tafarnuwa na lalata musu jini.

Kai ma ka tsare kanka. Ƙwayoyin cutar da ke cikin ɗanyen nama, irin su salmonela, kare na iya ɗauka bai nuna alama ba, ya shafa wa yaran gida. Wuƙarsu daban, katakon yankansu daban, kwanonsu a wanke da ruwan zafi da sabulu bayan kowane ci, hannunka ma haka kafin ka taɓa butarka.

Ranar da ka isa, ka nemi a nuna maka katin allurarsu, musamman ta ciwon haukan kare, ka kuma karɓi lambar likitan. In ka sauka a Agege ka kira ni, ka kwana biyu a wurina ka ga yadda nake aunawa kafin ka wuce Lekki. Ka gaida Inna, ka ce mata saƙonta na nan tafe ƙarshen wata.