Tambayi Likita: An sallami Baba, kwana tara muka sake komawa asibiti

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah inada tambaya. Babanmu ne shekararsa 68, yanada ciwon suga da hawan jini, korona ta kamashi sosai saida ya kwana 12 a asibiti da robar oksijin a hanci, aka sallamemu muna ta murna har sadaka mukayi, wallahi kwana tara kacal numfashi ya sake sarƙewa cikin dare muka sakashi a keke napep muka koma. Yanzu ance jibi za'a sake sallamarmu ni kuma gabana sai faɗuwa yake. Gaggawar sallamarsa akayi ne ko me? Daga ƙanwarku a Bolari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannunku da jinya, Allah ya bawa Baba lafiya. Ban dubashi ba, dan haka bazan ce anyi gaggawa ba, amma abinda ya sameku ba baƙon abu bane. A 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta bi sawun mutum sama da dubu 100 da aka sallama bayan korona, kusan 9 cikin 100 sun sake kwanciya cikin wata biyu, kuma waɗanda abin yafi samu sune masu shekara 65 zuwa sama da masu suga, ciwon ƙoda, ciwon zuciya ko tsohon ciwon huhu. Kinga Baba ya haɗa biyu.

Sugan nan shi yafi damuna gaskiya. Wanda korona ta kai ga oksijin yawanci ana bashi dexamethasone, magani ne mai ceton rai amma yana harba suga sama, to sai mutum ya dawo gida 'yan dubiya su cika zaure, wannan ta kawo kunun gyaɗa da sukari wancan ya kawo lemon kwalba da maltina wai ya maida jiki, Baba kuma kunya bazata barshi yace a'a ba, kafin kice me suga ta wuce misali, jiki ya bushe, ƙoda ta jigata, wata cutar ta samu ƙofa a huhun da bai gama warkewa ba. Ki zama ke ce mai gadin kwanonsa ko za'a ce kin fiye tsanani. A riƙa auna sugan safe da yamma ana rubutawa a littafi.

Sai gudajin jini. Korona tana sa jini saurin daskarewa, kwanciya wuri ɗaya kuma tana ƙarawa. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ƙirji ya soke shi yana haki farat ɗaya, kar a tsaya shafa man zafi ko jiran gari ya waye, asibiti kawai. Haka in ya fara ruɗewa ko zazzaɓi ya dawo.

Ku nemi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna oksijin, ana samu a manyan kemis. Yana zaune ya huta, hannu da ɗumi, in ta tsaya 92 ko ƙasa ku tafi. Amma ki sani a baƙar fata wani lokaci tana nuna sama da gaskiya, in kinga yana haki ki yarda da idonki.

Ɗakinsa a nisanta da hayaƙin murhu da janareto da turaren wuta, in hazo ya sauko ya rufe hanci. Ya ɗan riƙa takawa a tsakar gida kullum.

Jibi kafin ku naɗe tabarma ki tsaida likitansa ki tambaya: wane magani aka ƙara, wanne aka tsayar, na hawan jinin da yake sha a da zai cigaba ko a'a, sannan a rubuta muku ranar dawowa kilinik, kar ta wuce sati biyu. In hali ya yi ma cikin satin farko.